Binciken kammala karatu a Nima da Mamobi: jagora ga ɗan Zango

Idan shekarar ƙarshe ta zo, ko kana Jami'ar Ghana da ke Legon, ko makarantar koyon jinya, ko kwalejin horar da malamai, za a ce ka kawo abin da za ka yi bincike a kai. 'Ya'yan Zango da yawa sukan waiwayi gida: Nima, Mamobi, Sabon Zango, Fadama, Madina. Ni ina goyon bayan haka. Kana jin harshen, ka san lunguna, ba ka neman tafinta, kuɗin trotro ma kaɗan ne. Da ɗan gari akan ci gari. Sai dai sanayyar da ke buɗe maka ƙofa ita ce kuma ke iya ɓata maka aiki. Hajiyar da ta san ka tun kana goye ba za ta ba ka amsar da za ta ba baƙo ba, kai ma kana shiga gidan da tunanin ai ka riga ka san amsa. Yawancin matakan da ke ƙasa dabaru ne na cin amfanin zama ɗan gida ba tare da sanayya ta gurɓata sakamakonka ba.

Zan bi misali guda tun daga farko har ƙarshe, wato ruwan sha da gudawar yara, domin ya haɗa lafiya da muhalli, ya kuma leƙa makaranta.

Fara da rage tambayar

"Matsalar tsafta a Nima" ba tambayar bincike ba ce, taken huɗuba ne. Tambayar da za a iya amsawa tana faɗin su wa za a duba, a ina, a wane lokaci, da abin da za a auna. Ga yadda za ta koma: shin yadda ake adana ruwan sha a gida yana da alaƙa da gudawa ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Nima? Yanzu ka san wanda za ka tambaya, wato uwa ko mai rainon yaron. Ka san abin da za ka kalla: tankin roba, bokiti mai murfi ko marar murfi, galan ɗin nan rawaya da ake kira galan ɗin Kufuor, da ruwan leda. Ka kuma san abin da za ka ƙirga.

Ɗalibin muhalli zai juya tambayar ta zama ta ruwan kansa: ƙwayoyin cuta nawa ke cikinsa a bakin famfo, nawa kuma bayan ya kwana biyu a galan? Ɗalibin ilimi zai iya tambayar kwana nawa yara suke rasa makaranta a zangon karatu guda saboda ciwon ciki, ko ya ɗauki wata daban: yaran da ke haɗa boko da makarantar allo da yamma, awa nawa suke samu na bitar darasi kafin BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare? Kowace ka zaɓa, ka auna ta da aljihunka da watannin da suka rage maka. Tambayar da ke neman gwajin jinin mutum 500 ba ta ɗalibin digirin farko ba ce, komai kyanta.

Karanta abin da aka riga aka yi

Nima tana cikin unguwannin Akra da masu bincike suka fi shiga. Mutanenta sun sha ganin masu takarda da biro, har wasu sun gaji da su. Saboda haka kafin ka ƙara musu gajiya, duba ko an riga an amsa tambayarka. Rumbun UGSpace na Jami'ar Ghana yana ɗauke da kundayen digiri da za ka sauke kyauta, ɗakin karatu na Balme kuma yana nan ga mai son zama. Daga nan sai Google Scholar, da PubMed don harkar lafiya, da AJOL inda ake tara mujallun ilimi na Afirka, har da Ghana Medical Journal.

Alƙaluma kuwa, ka ɗauko su daga tushe. Ƙidayar 2021 ta Hukumar Ƙididdiga ta Ghana ta nuna mutum miliyan 30.8 a ƙasar, kuma rahotanninta sun yi bayanin ruwan sha da bayan gida gunduma-gunduma. Akwai binciken lafiya da yawan jama'a na 2022 da ake kira DHS. Asibitocin gwamnati suna shigar da bayanansu na wata-wata a tsarin DHIMS2, amma shi sai da izini. Ga wani wuri da ɗalibai suke tuntuɓe: a 2018 aka yanke Ayawaso ta Gabas, inda Nima take, da Ayawaso ta Arewa, inda Mamobi take, daga babbar majalisar birnin Akra. Idan ka jera adadin 2010 kusa da na 2021 ba ka duba ko iyakar ɗaya ce ba, kwatancenka ya tashi a banza.

Ka sauke Zotero, manhajar adana bayanan takardun da aka karanta, tun ranar farko, duk takardar da ka karanta ka jefa ta ciki. Makon kare aiki a gaban masu jarrabawa ba lokacin neman sunan mawallafin da ka manta ba ne.

Mutum nawa, kuma su wa

Yawancin ɗalibai suna yin irin binciken da ake shiga unguwa sau ɗaya a tambayi mutane halin da suke ciki. Lissafin Cochran, wanda aka saba fitar da yawan mutanen da za a tambaya da shi, yana ba da 384 idan ba ka san yawan masu matsalar ba ka ɗauka rabi da rabi ne, kana son tabbaci na kashi 95 cikin 100 da kuskuren da bai wuce kashi 5 ba. Akan ƙara kashi 10 saboda waɗanda za su ƙi amsawa, sai ya kai kimanin 423. Idan binciken da ya gabata ya nuna adadin masu matsalar, yi amfani da shi, lambar takan sauko. Idan kuma hira mai zurfi za ka yi, ta neman dalili ba ƙirga ba, lissafin nan bai shafe ka ba. Kana ci gaba ne har ka ji amsoshi sun fara maimaita kansu.

A ganina yawan mutanen bai kai yadda aka zaɓe su muhimmanci ba, kuma nan ne ɗan gida ya fi faɗawa rami. Abu mafi sauƙi shi ne ka fara da gidanku, ka bi da gidan gwaggonka, ka tsaya ƙofar masallaci bayan la'asar ka cike sauran. Abin da ka samu a nan labarin danginka ne da abokan sallarka, ba na Nima ba. Da wannan hanyar ka tsallake Kirista maƙwabcinku, da 'yar kayayei mai dakon kaya da ke kwana a shago, da wanda ke fita kasuwa tun asuba.

Ga yadda za ka kauce wa wannan. Raba unguwar kashi-kashi, ko ka nemi taswirar ƙananan yankunan ƙidaya daga Hukumar Ƙididdiga. Zaɓi yankuna da ƙuri'a. A kowane yanki ka zagaya da ƙafa ka ƙirga gidaje, sannan ka tsayar da doka, misali kowane gida na biyar, kuma gidan farawa ma ƙuri'a ce za ta fitar da shi. Sai babbar matsalar Zango: gida ɗaya na haya yana iya ɗaukar iyali goma ko fiye, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. A ƙa'idar ƙidaya, iyali su ne masu kwana wuri ɗaya suna ci daga tukunya ɗaya. Don haka idan ka shiga, rubuta iyalan da ke da yaro ƙasa da shekara 5, ka naɗe 'yan takardu, a zari ɗaya a gaban kowa. Zarar takarda a fili tana raba ka da gunagunin "don me ya zaɓi ɗakin wance ya bar nawa". Idan ƙuri'a ta faɗa gidanku, abokin aikinka ne zai yi tambayar, kai ka jira a waje.

Izini, kafin tambaya ko ɗaya

Ba a fara tattara bayanai sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince a rubuce. Ba ƙa'idar Ghana kaɗai ba ce. Tun Sanarwar Helsinki ta 1964 duniya ta ginu a kan cewa ba a bincike a kan ɗan Adam sai da saninsa da yardarsa. Idan aikinka ya shafi asibitin gwamnati ko marasa lafiyarsa, Hukumar Lafiya ta Ghana tana da kwamitinta. Cibiyar Noguchi da ke Legon, wadda aka buɗe a 1979, tana da nata, haka Asibitin Koyarwa na Korle Bu. Masu ilimi da zamantakewa a Legon suna da kwamitin da ke duba nasu. Malamin da ke duba aikinka shi zai gaya maka ƙofar da ta dace. Za su nemi daftarin bincike, da takardar tambayoyi, da takardar amincewa, da wasiƙar sashenku, da kuɗin dubawa. Kwamitocin nan ba kullum suke zama ba, kuma sukan dawo da daftari a gyara, saboda haka ka miƙa da wuri ka ci gaba da rubuta babi na biyu kana jira. Bayanan da aka tattara kafin amincewa, mujalla mai mutunci ba ta karɓarsu.

Da takardar amincewa a hannu, sai ofishin lafiya na gunduma idan asibiti za ka shiga, ko ofishin ilimi na gunduma idan makaranta ce. Makarantun Islamiyya da ke ƙarƙashin gwamnati suna da Sashen Ilimin Musulunci da aka kafa a 1987, shi ma a gaishe shi. Makarantar allo kuwa, malaminta ne ofishinta.

Sannan izinin da ba ya kan takarda. Ka je wa sarkin yankin, da limamin masallacin Juma'a, da magajiya, da ɗan majalisar unguwa. Kada ka tafi kai kaɗai. Nemi dattijon da ya san su ya gabatar da kai. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka bar gaisuwa ta yi tsawonta. Idan an ba ka dama, ka yi magana gajera:

"Allah gafarta Malam, ni ɗanku ne, ina karatu a Legon. An ba ni aikin duba ruwan da yara ke sha da ciwon ciki. Ba gwamnati ce ta aiko ni ba, ba na raba kuɗi ko magani. Tambaya kawai zan yi, wanda bai so ba ba dole. In na gama zan dawo in gaya muku abin da na gani."

Jumlar nan ta "ba na raba kuɗi" kada ka haɗiye ta don kunya. Idan mutane suka zaci tallafi ne ke tafe, kowa zai ƙara wa talaucinsa gishiri, wanda ba ka rubuta sunansa ba kuma zai riƙe ka a zuci.

Yardar sarki ba ta maye gurbin yardar mai amsawa. Kowace uwa sai ka karanta mata takardar amincewa da harshen da take ji, ta sa hannu ko ta dangwala yatsa a gaban shaida wanda ba abokin aikinka ba. A gidaje da yawa za ta ce sai maigida ya sani. Ka girmama hakan, ka dawo. Amma idan maigida ya yarda ita ta ƙi, magana ta ƙare. Yaro ƙasa da shekara 18 sai da izinin iyaye, shi ma a tambaye shi ko yana so. Shugaban makaranta ba zai sa hannu a madadin iyayen aji guda ba, sai dai in kwamitin ɗa'a ne ya amince da wani tsari a rubuce. Ka lura kuma da nauyin sanayya: tsohuwar da ke kiran ka "ɗana" tana jin kunyar ce maka a'a. Kai za ka buɗe mata hanya: "Mma, in ba ki da lokaci ko ba ki so, wallahi ba komai, ba zan ji haushi ba."

Takardar tambayoyi

Da Turanci za ka rubuta ta saboda jami'a, amma da Hausa za a yi aikin. Kada kowane mai tambaya ya riƙa juya ta a bakinsa yadda ya ga dama. A rubuta Hausar sau ɗaya, irin wadda ake yi a Zango ba ta littafi ba, sannan a ba wani da bai ga ta asali ba ya mayar da ita Turanci, a gwada su. Inda suka saɓa, nan gyara yake. Ka tuna kuma ba duk mazaunin Nima ne Hausa ta zauna a bakinsa ba. Akwai Dagomba, Kotokoli, Zabarmawa, Fulani, Mosi, da masu Twi da Ga da Ewe. Ka tanadi wanda zai taya ka.

Tambaya ta zama mai ma'auni. Kada ka ce "yaronki yana yawan gudawa?" Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gudawa ita ce bayan gida mai ruwa sau 3 ko fiye a yini, binciken DHS kuma yana tambayar makonni 2 da suka wuce, domin abin da ya fi haka nisa mantuwa ta cinye shi. Ka bi wannan, sai sakamakonka ya kwatantu da na ƙasa. Iyaye da yawa ba sa lissafa gudawar fitar haƙori a cikin ciwo, don haka ka tambayi abin da ya faru, ba sunan da suka ba shi ba. Abin da ido zai iya gani kuma kada ka dogara da baki. Kowa zai ce yana wanke hannu da sabulu. Ka ce, "Hajiya, ko zan ga inda ake ajiye ruwan?" ka duba murfi, ka duba ko moɗa ɗaya ce kowa ke tsomawa.

Gwada takardar a kan mutum 15 ko 20 a unguwa mai kama da taka wadda ba ta cikin binciken, kamar Madina. Sannan ka ɗora ta a KoboToolbox, wanda ke aiki a waya ko babu intanet, ya aika bayanan idan ka samu sabis.

A cikin unguwa

Lokaci yana canza amsa. Babbar damina a Akra tana kamawa daga Afrilu zuwa Yuli, ta fi ƙarfi a Yuni, kuma idan babbar kwatar da ta raba Nima da Mamobi ta cika, ruwa da ciwon ciki ba sa zama kamar na watan hunturu. Kwalarar 2014, wadda ta kama fiye da mutum 28,000 a Ghana ta kashe sama da 240, yawancinsu a yankin Akra, a tsakiyar shekara ta ɓarke. Ka rubuta watan da ka yi aiki, kada ka ce sakamakon na shekara ne duka. Azumi yana sauya ci da sha da barci, in da hali ka kauce masa. Juma'a da rana ba ta aiki ba ce. Mata masu sayar da koko da ƙosai ko shinkafa da wake ba sa samuwa da safe. Ka koma sau biyu ko uku kafin ka rubuta "ba a same ta ba".

Tambayar da ta shafi ciki, haihuwa ko tazarar iyali, mace ce za ta yi wa mace. Tsakar gidan haya kuma ba wurin sirri ba ne. Kishiya tana kusa, uwar miji tana kasa kunne. Ku ja kujera gefe, ko ku shiga ɗaki idan ta yarda.

Idan za ka ɗebi ruwa don gwaji, fara da ɗakin gwajin, ba da gidajen ba. Je sashenku ko Cibiyar Binciken Ruwa ta CSIR, hukumar binciken kimiyya ta ƙasa, ka ji farashin kowane samfur da ranakun da suke karɓa, sannan ka san guda nawa za ka iya. Su za su ba ka kwalabe da aka kashe wa ƙwayoyin cuta. Idan ruwan famfo ne mai kulorin, kwalbar tana bukatar sinadarin da ke kashe ƙarfin kulorin ɗin, in ba haka ba zai ci gaba da aiki a hanya ya ɓoye maka gaskiya. Wanke hannu, buɗe kwalbar ba tare da yatsanka ya taɓa baki ko cikin murfi ba. Ruwan da aka adana, ka bar matar gidan ta ɗebo da moɗarta kamar yadda take ba yaro, ta zuba maka, domin abin da ke shiga bakin yaron kake son aunawa. Bar ɗan sarari a sama, rufe, rubuta lamba da lokaci, sa a kula mai ƙanƙara. Ya isa ɗakin gwaji cikin awa 6, kada dai ya wuce 24. Da cunkoson hanyar Akra, wannan yana nufin ɗiba da sassafe. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a bayyane yake: kada a sami E. coli, ƙwayar cutar da ke nuna bayan gida ya shiga ruwa, ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha.

Kowane dare ka buɗe abin da aka shigar ka duba. Yaro mai wata 80 a binciken 'yan ƙasa da shekara 5 kuskure ne da za a gyara gobe, ba bayan wata biyu ba.

Lissafi da rubutu

Sunaye su zauna a takarda daban mai kulle, bayanan da za ka yi lissafi da su lamba kawai za su ɗauka. Dokar Kare Bayanai ta 2012 ta ɗora maka wannan nauyi, amma ko babu doka, kai da za ka haɗu da mutanen nan a wurin suna da jana'iza ka fi kowa sanin illar sakin baki. Abin da ka ji a ɗakin wata, ko mahaifiyarka ba ta da rabo a ciki. Hoton yara a bakin kwata kuma ba na Facebook ba ne.

Excel ya isa tsaftace bayanai. Manhajar SPSS, Stata ko R ta yi lissafin. Fara da ƙirga mai sauƙi kafin gwaje-gwaje masu suna. Idan ka ga gidajen da ke barin ruwa a buɗe sun fi gudawa, ka rubuta "akwai alaƙa", kada ka ce "shi ne sanadi". Mai yiwuwa su ne kuma suka fi nisa da bayan gida ko suka fi ƙarancin kuɗi, kuma binciken shiga sau ɗaya ba ya nuna wanne ya riga wanne. Idan ba ka ga alaƙa ba, wannan ma sakamako ne, ka rubuta shi yadda yake. Cike takardun tambaya a ɗakinka, ko biyan wani ya rubuta maka babi, malamai suna gane su da tambaya biyu ranar kare aiki, ban da Turnitin da ke kamo kwafe. A sashen gazawar bincike ka faɗi a fili cewa kai ɗan unguwar ne, ka jera abin da ka yi don rage tasirin hakan. Masu jarrabawa sun fi yarda da wanda ya faɗa da kansa.

Idan kana son wallafawa, ka yi hattara da mujallar da ta aiko maka saƙo tana alkawarin bugawa cikin mako guda in ka biya dala. Nuna wa malaminka kafin ka tura ko sisi.

Komawa wurin masu amsa

Ka yi alkawari a gaban liman, sai ka cika. Taƙaita sakamakon a shafi guda da Hausa mai sauƙi, ka kai wa waɗanda ka gaisar da farko, ka nemi minti goma a taron mata ko bayan sallah. Kwafi ɗaya ya je ofishin lafiya ko na ilimi da ya ba ka izini, ɗaya ga ɗan majalisar unguwa. A bainar jama'a ana faɗin jimilla ne kawai: kashi kaza na samfuran da aka gwada. Ba a ambatar gida, ba a ambatar mai sayar da ruwa. Idan wani ruwan leda ne ya ba ka tsoro, Hukumar Abinci da Magunguna ce ke yi musu rajista, kai da malaminka ku kai mata rahoto a rubuce.

Gidan da aka sami E. coli a ruwansu kuwa ba za su jira ka kammala digiri ba. Da sakamakon ya fito, ka koma ka sami matar ita kaɗai, ka gaya mata a tafasa ruwan yara ko a sa maganin kulorin, a wanke galan da sabulu, a ware moɗa mai mariƙi. Idan yaron yana gudawa a lokacin, ta fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS, ta kai shi asibitin Mamobi ko wanda ya fi kusa. Wannan matakin ka rubuta shi cikin daftarinka tun farko, da kuɗin motarsa a kasafi, domin kwamitin ɗa'a yakan tambayi abin da za ka yi idan ka ci karo da mai bukatar magani.